Me ya sa Sharon ke cinye tumatir da zarar sanyi ya tafi?

Tambaya daga wani manomin rani a yankin Kura, jihar Kano: "Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan a jere abu ɗaya yana faruwa da ni. Ina dashe a Nuwamba, tumatir ya tashi lafiya lau har ƙarshen Janairu. Da sanyi ya tafi, cikin mako biyu ko uku sai ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan duk huji. Shin zafin ne yake kawo Sharon? Wasu kuma suna cewa idan aka daure har zafin Afrilu ya kankama, rana za ta kashe ta da kanta. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar maka da abin da ka rasa, Ya sa albarka a wanda ya saura.

Zafi ba ya kawo Sharon, wato tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir. Tana cikin gonarka tun cikin Disamba, wataƙila ma tun daga wurin renon iri ka ɗauko ta ka dasa tare da tumatirin. Abin da sanyi yake yi mata shi ne ya ɗaure mata ƙafa, ta riƙa tafiya a hankali, har ka ɗauka babu ita. Abin da zafi yake yi kuma shi ne ya kwance ta. Ganyen da ka ga ya ƙone a Maris jikokin jikokin 'yan ƙwarin da ba ka kula da su ba a Disamba ne suka ƙone shi. Zan yi maka bayanin yadda abin yake tafiya da lissafi, domin na lura manomin da ya gane lissafin nan yakan canja ranar da yake fara yaƙi, kuma a nan ne bambancin yake.

Mu fara da sanin ko wace ce. Abin da muke kira Sharon tsutsar wata 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce, irin ƙwarin nan masu kama da malam-buɗe-littafi da suke yawo da dare. Masana sun fi saninta da suna Tuta absoluta. Uwar ba ta wuce milimita 6 zuwa 7 ba, launin toka-toka da ɗigon baƙi, da rana tana maƙale a ƙarƙashin ganye, sai magariba da asuba take motsi sosai. Idan ka girgiza tushen tumatir ka ga wasu 'yan abubuwa sun tashi fir sun sake faɗawa nan kusa, su ne. Uwar ba ta cin ganye. Aikinta saduwa da zuba ƙwai kawai. Ƙwan yana ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa tana cin naman ciki, shi ya sa kake ganin wurin ya yi fari-fari kamar takarda, da baƙin kashinta a ciki. Sau huɗu take canja girma. Idan ta ƙoshi sai ta daina ci, ta yi wa kanta 'yar saƙa a cikin ganye ko ta sauko ƙasa ta kwanta, daga wannan kwanciyar ne sabuwar uwa take fitowa. Ƙwai, tsutsa, kwanciya, uwa: wannan shi ne zagaye ɗaya.

Asalinta Kudancin Amurka. A 1917 aka fara bayyana ta a kimiyyance, daga samfurin da aka samo a Huwankayo cikin tsaunukan ƙasar Peru, garin da yake sama da mita 3,000 daga matakin teku. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa. A 2006 aka gan ta a Sifen, a 2008 ta tsallaka Arewacin Afirka, a 2013 aka tabbatar da ita a Nijar, a 2015 kuma ta bayyana a gonakinmu. Ka san abin da ya biyo baya a 2016, lokacin da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, har matan gari suka koma miya da busasshe da na gwangwani.

To ina zafi ya shigo? Ni da kai jikinmu yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko cikin hunturu ko cikin bazara. Ƙwaro ba haka yake ba. Zafin jikinsa shi ne zafin wurin da yake zaune. Narkar da abinci, canja fata, nunar ƙwai a cikin uwa, duk ayyuka ne da suke sauri idan wuri ya ɗumama, su yi sanyi idan wuri ya yi sanyi. Saboda haka Sharon ba ta da adadin kwanakin da za a ce a cikinsu take girma. Wanda ya ce maka wata ɗaya take yi, ka tambaye shi a wane yanayi.

An auna wannan a ɗakunan bincike, inda ake ajiye ƙwarin a zafi tsayayye dare da rana. Wani aiki da aka yi a Chile a 1998, wanda har yau da shi aka fi kafa hujja, ya nuna daga ƙwai zuwa fitowar uwa kwana 76 take ɗauka a digiri 14, kwana 40 a wajen digiri 20, kwana 24 a digiri 27. Wani kuma da aka buga a Birazil a 2015 ya samu kwana 115 a digiri 10, kwana 35 a digiri 20, kwana 18 kacal a digiri 30. Alƙaluman ba su zo daidai da juna ba, domin irin tumatirin da aka ciyar da su da asalin ƙwarin sun bambanta, amma hanyar ɗaya ce. Ƙwaro ɗaya, abinci ɗaya, a wani yanayin ta yi kusan wata huɗu, a wani ta gama cikin ƙasa da mako uku.

Akwai hanyar lissafi mai sauƙi da nake koya wa manoma, kuma ba ta buƙatar komai sai sanin zafin rana da sanyin dare. Ka ɗauka Sharon tana da buhun da sai ta cika shi da mudu 460 na zafi kafin ta tashi daga ƙwai ta zama uwa. Kowace rana tana samun wasu mudu. Yadda za ka san na rana ɗaya: ka haɗa mafi zafin rana da mafi sanyin dare, ka raba biyu, sannan ka cire 8. Dalilin cire 8 shi ne ƙasa da wajen digiri 8 girmanta yana tsayawa cik, don haka abin da ya haura 8 ne kawai yake shiga buhu.

Mu gwada da yanayin Kano. A Janairu rana takan kai wajen 29, dare ya sauka wajen 13. Ka haɗa, 42. Ka raba biyu, 21. Ka cire 8, saura 13. Mudu 13 a rana, buhun 460 zai cika a kwana 35. A Fabrairu matsakaicin yakan hau zuwa wajen 24, mudu 16 ke nan, kwana 29. A Maris rana tana kai 36, dare wajen 20, matsakaici 28, mudu 20 a rana, kwana 23. Ka ga tsakanin Janairu da Maris an yanke mata kwana 12 daga kowane zagaye.

Kwana 12 kamar ba wani abu ba ne, sai ka duba yadda suke ninkuwa. Uwa ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260 a rayuwarta, ko da yake yawancinsu ba sa kai haka, kuma mafi yawan ƙwan cikin makon farko take zuba shi. Da yawa daga cikin 'ya'yan suna mutuwa. Bari mu yi misali kawai, mu ce kowace uwa tana barin 'ya'ya mata 10 da suka rayu har suka zuba nasu ƙwan. Ka yi dashe tsakiyar Nuwamba da uwa ɗaya tak a gonar. Wajen tsakiyar Disamba sun zama 10. Ƙarshen Janairu 100. Wa zai ga ƙwari 100 a hekta ɗaya mai tushe dubu 30? Kana zagaya gona kana hamdala, kuma da gaskiyarka, domin ganye kore shar yake. Ƙarshen Fabrairu 1,000. Nan za ka fara ganin tabo jefi-jefi a ganyen ƙasa, ka ce wataƙila ƙunar taki ce. Wajen 20 ga Maris 10,000. Idan kowace ta zuba ƙwai 100, ƙwai miliyan ɗaya ke nan, fiye da 30 a kan kowane tushe. Wannan ne makon da ka ce kamar an bi gonar da wuta. Kuma ban fara da gaskiyar lamari ba, domin babu gonar da take farawa da uwa ɗaya, sannan ban saka waɗanda suke shigowa daga maƙwabta ba.

Maganar maƙwabta tana da zafi a raina, bari in ɗan tsaya a kanta. Lokacin da zafi yake shigowa shi ne lokacin da tumatir yake cika kasuwa, a kasuwar Kwanar Gafan farashin kwando ya faɗi har kuɗin ɗiba da na mota su fi ƙarfin abin da za a samu. Sai manomi ya yi fushi ya bar gonar yadda take, ba feshi, ba tugewa. Wannan gonar da aka bari ita ce gidan haihuwar Sharon na duk yankin. Tsutsotsin ciki suna gama girma cikin kwanciyar hankali, idan ganyen ya ƙare iyayen su tashi, iska ta taimaka musu, su sauka a gonar wanda ya yi dashen baya yana jiran farashi ya tashi. A wurin da ake ban ruwa daga madatsar Tiga, inda gona take manne da gona tun daga Kadawa har Garun Malam da Bunkure, babu wanda zai ce yaƙinsa shi kaɗai ne. Na sha ganin manomi mai ƙoƙari ya yi duk abin da ya dace, ya tashi a tutar babu saboda saurar da take gefensa.

Yanzu ka tuna garin nan na kan tsaunukan Peru. Manoma da yawa suna ɗauka sanyin hunturu yana kashe Sharon, shi ya sa ba sa nemanta kafin Fabrairu. Ƙwaron da kakanninsa suka rayu a kan tsaunukan Andis ba zai mutu don dare ya sauka digiri 12 a Kura ba. An gwada ta a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, wasu suka yi kwanaki da ransu. Kuma ba ta da dogon barcin nan da wasu ƙwari suke yi su jira wani lokaci na shekara, irin na tsutsar zangarniyar gero da take kwana a ƙasa duk rani sai damina. Muddin akwai ganyen ci, Sharon tana kan aiki, shi ya sa a ƙasa mai ɗumi take iya yin zagaye 10 zuwa 12 a shekara. Hunturunmu jinkiri ne kawai a wurinta. Wannan jinkirin kuwa kyauta ce Allah Ya ba manomi, domin a lokacin ne suke 'yan kaɗan kuma suke tafiyar hawainiya.

Akwai wani abu game da haihuwarta da yakan rikita har ɗalibai. Zafin da ta fi saurin girma a cikinsa daban yake da zafin da ta fi zuba ƙwai. A binciken Birazil ɗin nan, iyaye sun fi zuba ƙwai a digiri 20 zuwa 25. Da aka kai 30, ƙwan kowace uwa ya ragu, kwanakin rayuwarta ma suka ragu. Mai ji zai ce to ai zafi ya taimake mu. A'a. Ka dubi 'yan kasuwa biyu: ɗaya yana cin riba mai kauri amma sai bayan kwana 35 yake juya jarinsa, ɗaya ribarsa ba ta kai ta wancan ba amma duk kwana 20 ya juya. Bayan wata uku wa ya fi kuɗi? Haka Sharon take a wajen digiri 28 zuwa 30. Kowace uwa ta rage ƙwai, amma zagayen ya gajarta sosai har yawansu gaba ɗaya ya fi saurin hauhawa. Sannan yanayinmu na ƙarshen Fabrairu da Maris yana ba ta duka biyun: rana mai zafi da tsutsa take ci tana girma da gudu, da magariba da asuba masu sauƙin zafi, daidai lokacin da iyaye suke saduwa suna zuba ƙwai.

Sai tambayarka ta biyu, ko zafin Afrilu zai kashe ta. Masu faɗin haka ba ƙarya suka ƙirƙira ba, rabin gaskiya suka riƙe. A ɗakin bincike, idan zafi ya haura 30 saurin girman ba ya ci gaba da ƙaruwa, mutuwa ce take ƙaruwa. An ƙiyasta iyakarta ta sama tsakanin wajen digiri 35 da 37. Idan aka tsare ta a irin wannan zafin dare da rana, ba ta kammala zagaye. Shi ya sa ma lissafin mudun da na koya maka yake daina aiki idan matsakaicin rana ya wuce 30. To ga Kano tana kai 39 da 40 a Afrilu, me ya hana ta ƙarewa?

Dalili na farko, zafin da kake ji a rediyo na iska ne, wanda aka auna a inuwa sama da ƙasa. Tsutsa ba a nan take ba. Tana cikin ganye, ganyen tumatirin da ake ba ruwa kuwa kullum yana fitar da tururi, yana sanyaya kansa kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Can cikin duhuwar tushe, kusa da ƙasa mai laima, ya fi waje sanyi nesa ba kusa ba. Wadda take kwance tana cikin ƙasa ko ƙarƙashin busasshen ganye. Uwa kuma tana ɓoye har rana ta faɗi. Dalili na biyu, digiri 40 ɗin nan na 'yan sa'o'i ne tsakanin azahar da la'asar. Dare yana sauka wajen 24 zuwa 26, wanda shi ne ainihin abin da take so. Zafin rana yana kashe wasu ƙwai da ƙananan tsutsotsin da suke fili, ban musa ba, amma waɗanda suka tsira suna da dogon dare mai daɗi.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci ga aljihunka: tumatir ya fi Sharon jin jiki a wannan zafin. Idan rana ta wuce wajen digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, fure yana zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Tushen da yake fama da ƙishi ba ya iya fitar da sabon ganye ya maye wanda aka cinye. A Janairu idan tsutsa ta ci ganye biyu, tushen ya fitar da huɗu. A Afrilu abin da aka ci ya tafi ke nan, 'ya'yan da ganye ya daina rufewa kuma rana ta ƙone su. Wanda ya ce zai jira rana ta kashe masa Sharon, tumatirinsa ne zai riga ta mutuwa. Abin da yake rage ta da gaske a ƙarshen rani shi ne ƙarewar tumatir a gonaki, sai kuma ruwan sama mai ƙarfi da yake wanke ƙwai yana dukan iyaye. Ko a nan ma ba ta ƙarewa. Tana komawa kan gauta da yalo, da gautan kaji da zaƙami da suke fitowa a gefen gona da bakin magudana, da tumatirin damina, da dankalin turawa a wurare irin su Filato, ta jira ka kafa sabon wurin reno.

Zafi yana kuma taɓa makaman da kake yaƙi da su, kuma wannan ne ya sa manomi yake cewa magani ya daina ci idan bazara ta zo. Wani lokacin jabu ne, ba na kare masu sayar da shi. Amma sau da yawa abin da ya faru daban ne. Feshin tsakar rana a Maris yana bushewa kafin ya ratsa ganye, rana kuma tana lalata wasu magungunan cikin sauri, musamman na ƙwayar cutar nan da ake kira Bt da ruwan 'ya'yan darbejiya. Lokacin da tsutsa take a fili gajere ne ƙwarai: daga ƙyanƙyashewa zuwa shigewa ganye, sai kuma idan ta fito canja wuri. Cikin sanyi ƙwai yakan yi mako ko fiye kafin ya fashe, cikin zafi kwana 3 zuwa 5 ya isa. Manomin da ya saba duba gona ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa, a Maris kafin ya dawo an zuba ƙwai, ya fashe, tsutsa ta shige, wata ma ta huda ɗan tumatir ta ƙarƙashin hular kansa inda babu feshin da zai same ta.

Sannan ga maganar sabo da magani. Duk feshin da ka yi yana barin 'yan kaɗan da jininsu ya fi jurewa, su ne za su haifi na gaba. Yawan zagaye, yawan damar tace masu taurin rai. Sharon ta riga ta zo mana da juriyar tsofaffin magunguna irin su sifametirin da lamda tun daga ƙasashen da ta ratso, kuma a Italiya da Birazil an tabbatar ta fara jure har sababbin da ake taƙama da su. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce kada 'ya'ya su haɗu da dangin maganin da aka fesa wa iyayensu. Ana cewa a canja dangi duk bayan kwana 30, domin an ɗauki zagaye ɗaya a matsayin wata guda. A lissafinmu na sama ka ga wannan ya yi daidai da Disamba zuwa Fabrairu, amma a Maris da Afrilu ni ina ba da shawarar a canja duk mako uku. Ka lura, canja dangi nake nufi, ba canja sunan kwalba ba. Kamfanoni biyar suna iya sayar da sinadari ɗaya da suna biyar. Ka sa a karanta maka sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ko lambar rukuni idan akwai. Emamektin dangi ne, sifinosad wani dangin ne, indoksakab wani. Kuma ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da ɗiba, domin abin nan cikin tukunyar mutane zai shiga, har da ta gidanka.

Yawan feshi barkatai yana da wata ɓarnar da ba a gani. Akwai wani ɗan koren ƙwaro siriri mai dogayen ƙafafu da yake zama a kan tumatir yana tsotse ƙwan Sharon da ƙananan tsutsotsinta, shi ma mai son ɗumi ne, yana ƙaruwa idan zafi ya shigo. Akwai gizo-gizo da ƙananan zanzaro masu zuba ƙwansu a jikin tsutsa. Manomin da ya fara zuba lamda tun Disamba duk mako "don rigakafi" ya kashe waɗannan, ya bar Sharon da ba ta jin lamdar. Idan Maris ta zo ba shi da mataimaki ko ɗaya a gonar.

To me za ka yi da wannan duka? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka koma lissafin nan na 1, 10, 100: uwa ɗaya da ka hana haihuwa a Disamba daidai take da dubu ɗaya a Maris. Ka rufe wurin renon iri da gidan sauro mai ƙananan ido, kada ka kafa shi kusa da tsohuwar gonar tumatir ko gauta, kuma kada ka sayi dashe sai ka juya ganyensa ka duba. Tun makon dashe ka kafa tarkon ƙamshin mace, wanda yake jawo maza su faɗa cikin ruwan da aka ɗiga wa sabulu ko mai. Biyu zuwa huɗu a hekta sun isa su gaya maka halin da ake ciki. Ka riƙa ƙirga abin da ya faɗa duk mako kana rubutawa. Ƙasa da 3 a tarko a mako, da sauƙi. Ya haura 30, wuta ta kama. Abin ƙamshin yakan yi mako 4 zuwa 6, amma cikin zafi ya fi saurin sanyi, don haka idan tarko ya yi shiru a Maris ka fara zargin tarkon kafin ka yi murna. A Disamba da Janairu ka bi layi kana tsinke duk ganyen da ka ga farin tabo, aiki ne da yara biyu za su gama da hantsi, alhali a Maris ko mutum ashirin ba za su iya ba. Daga tsakiyar Fabrairu ka mayar da duba gona sau biyu a mako, feshi kuma da yamma liƙis, ka tabbata ya sami bayan ganye. Shekarar da ka ga hunturu bai yi ƙarfi ba, ko ya ɗauke da wuri, ka matso da komai gaba da mako biyu. Idan ruwa da ƙasa sun ba ka dama, ka yi dashe da wuri yadda mafi yawan ɗibarka za ta faɗo kafin tsakiyar Maris. Na san mai dashen baya farashi yake hange, kuma hange ne mai ma'ana, sai dai ya sani cewa gonarsa za ta yi ƙuruciya a lokacin da Sharon ta fi yawa da sauri, don haka kuɗin kariyarta ma na daban ne.

Inda maganar abokanka take zama gaskiya shi ne bayan ɗiba. Zafin bazara yana kashe Sharon idan ka raba ta da inuwa da laima. Ganyen da ka tsinke da ruɓaɓɓun 'ya'ya kada ka zubar a bakin gona, nan za su ƙarasa girma su dawo. Ka zuba su a buhun leda ka ɗaure bakinsa tam ka ajiye a rana mako biyu, zafin ciki zai dafa su. Ranar da ka yi ɗibar ƙarshe, ko ranar da ka yanke shawarar gonar ba za ta ƙara biyan kuɗinta ba, ka tuge tushen duka a ƙone ko a binne da zurfi, ka yanke ruwa, ka yi huɗa ka juye ƙasar. Fuskar busasshiyar ƙasa da tsakar ranar Afrilu tana haura digiri 50, waɗanda suke kwance a ciki ba za su kai labari ba. Ka bar wurin aƙalla mako shida ba tumatir, ba gauta, ba gautan kaji, in so samu ne ka bi shi da masara ko shinkafa ko albasa. Wannan aikin ka kai shi gaban ƙungiyarku ta masu ban ruwa, ku sa rana ɗaya da kowa a layinku zai tuge tasa saurar, domin idan kai ka tuge na kusa da kai bai tuge ba, a kwana 23 za su sake cika maka wuri.